Abin da Kiristocin ƙasarmu ke tattaunawa a tsakaninsu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya



 Kwamitin ƙungiya ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata magana wadda ba a saba kawo ta wannan taro ba, watau maganar Kiristocin ƙasarmu da abubuwan da suke muhawara a kai cikin majami'unsu a wannan zamani. Mun san akwai mai cewa a ransa: ina ruwan Tarka da wannan? Mu da damuwarmu ita ce rijiya, da hatsi, da burtali, da fari idan sun sauko.

To, dalilanmu uku ne. Na ɗaya, gwamnati idan za ta turo mushe ko ungozoma ko jandarma ba ta tambayar addininsa, saboda haka wata rana mai karɓar haihuwar ƴarka Kirista ce. Na biyu, ƴaƴanmu ƴan ci-rani suna Kwatano da Lome da Abijan da Jos, inda su ne baƙi, masu gidajensu kuwa da yawa Kiristoci ne. Na uku shi ne abin da ya faru a Damagaram a shekarar 2015, wanda za mu zo gare shi nan gaba. Ba mu zo yin wa'azi ba, ba mu kuma zo yanke hukunci a kan aƙida ba, wannan aikin malamanmu ne. Namu aikin na ɗan lekol ne kawai, mu karanta mu faɗa muku abin da muka samu, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Daga ina suka fito?

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Sun kasu manyan gidaje biyu. Gida na farko shi ne na Furotesta, waɗanda aka fi sani da ƴan Mishan. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasharta ta farko ta ƙasar Nijar a Damagaram a 1924. Bayan ƴan shekaru ta zauna a Tsibiri ta Gobir, sa'an nan ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi. A farkon shekarun 1960 mabiyanta ƴan ƙasa suka tsai da ikilisiyarsu ta kansu mai suna EERN. Daga baya saɓani ya shiga tsakaninsu, wasu suka ɓalle suka kafa nasu.

Gida na biyu shi ne na Katolika, mabiyan Paparoma. Sun fara zama a Yamai a 1931. A 2001 aka raba ƙasar gida biyu ta wajen tsarin majami'arsu, aka naɗa Ambroise Ouédraogo bishop na farko a Maraɗi, aka haɗa masa jihohin Maraɗi da Tawa da Agadas da Damagaram da Difa. Watau duk wani ɗan Katolika da ke zaune a Tanut ko Belbeji, shugabansa yana Maraɗi. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, babban bishop na Yamai, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata mu ƴan lekol mu lura da shi. Turawan SIM sun daɗe suna koyar da karatun boko da Hausa kawai, domin mutum ya iya karanta littafinsu, suna ƙin buɗe makarantun Faransanci. Mabiyansu kuwa suna ganin duk aikin gwamnati yana hannun wanda ya iya Faransanci. Wannan ya zama babbar jayayya tsakanin turawan da ƴan ƙasa, kamar yadda wata masaniyar tarihi ta Amurka, Barbara Cooper, ta nuna cikin littafin da ta rubuta a 2006 a kan Kiristocin Maraɗi. Kun ga ke nan tambayar da muke yi a nan kullum, da wane harshe za a koyar da ɗan talaka, su ma ta daɗe tana cinsu.

Magana ta farko: harshe da suna

An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, Likita Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. An sake wata fassara a 1979. Duka biyun sunan Allah suka yi amfani da shi, kuma Bahaushe Kirista ba shi da wani suna da yake kiran Mahalicci da shi wanda ya wuce wannan. Kada ku ɗauka haka abin yake ko'ina. A ƙasar Maleshiya, a 2013, kotu ta hana wata jaridar Katolika rubuta kalmar Allah, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. A ƙasar Hausa ba mu taɓa kai juna gaban alƙali a kan wannan ba, kuma abin godiya ne.

Inda muhawararsu take shi ne sunan Annabi Isa, alaihissalam. Tsohuwar fassara ta ce Yesu Kristi, ta 1979 ta ce Yesu Almasihu. Waɗansu daga cikinsu suna ganin gara a ce Isa, tun da shi ne sunan da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni. Waɗansu suna cewa a'a, idan aka ce Isa mai sauraro zai ɗauka abin da Musulmi ke nufi shi ne abin da Kirista ke nufi, alhali akwai bambanci babba, kuma ɓoye bambancin ba gaskiya ba ne.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kalmar nan da suke faɗa, Ɗan Allah. Mu Musulmi ba mu yarda da ita ba, su ma sun san haka. Malamansu suna bayani cewa ba haihuwa irin ta jiki suke nufi ba, kuma tun a taron Nikiya na shekarar 325, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, suka tsai da yadda za su riƙa faɗin wannan aƙida. A 2025 sun yi bikin cikar wannan taro shekara 1700. Amma a farkon wannan ƙarni waɗansu masu fassara suka so su sauya kalmar da wata mai sauƙin ji a ƙasashen Musulmi. Rigima ta tashi a tsakaninsu, har babbar ƙungiyar Furotesta masu bishara ta duniya ta naɗa kwamiti, wanda a 2013 ya ce a bar kalmomin uba da ɗa yadda suke, a ƙara bayani a gefe. Watau sun zaɓi su faɗi abin da suka gaskata a fili ko da zai yi wa maƙwabci nauyi. Mu ma haka muke yi da namu. Mutum biyu da kowa ya san inda iyakar gonarsa take sun fi daɗewa suna gaisawa.

Magana ta biyu: mai mata fiye da ɗaya

Koyarwar Kirista ita ce miji ɗaya, mace ɗaya. To, yaya za a yi da magidanci mai mata biyu ko uku da ƴaƴa goma idan ya zo ya ce yana son a yi masa baftisma, watau wankan shiga addinin? Idan aka ce ya saki sauran, ina za su tafi, wa zai ci da ƴaƴansu? Idan aka karɓe shi haka nan, ina koyarwar? Wannan tambaya ta fi shekara ɗari tana wahalar da ikilisiyoyin Afirka.

Bishop-bishop na ɗariƙar Anglika sun zauna a Lambeth ta Ingila a 1888, suka ce kada a yi wa irin wannan mutum baftisma muddin yana tare da matan. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, suka sake zama, bishop-bishop na Afirka suka matsa, aka sauya: ana iya karɓarsa tare da matansa da ƴaƴansa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, kuma ba za a tilasta masa sakin kowa ba. Dokar Katolika kuwa ita ce ya zaɓi mace ɗaya, ya kuma kula da bukatun sauran. Amma a babban taronsu na Roma cikin watan Oktoba 2023 an nemi bishop-bishop na Afirka su sake nazarin yadda za a bi da irin waɗannan gidaje.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa gane nauyin wannan magana, domin a kowane addini mace da ƴaƴanta ne ke ɗaukar kayan sakin aure. Cikin majami'un Hausa, ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata tana cikin mafi ƙarfi. Su ne ke ziyarar marasa lafiya, su tara gudummawar gwauraye da marayu, kamar yadda ku ma kuke yi da adashi da biki.

Magana ta uku: wa'azin arziki

Tsofaffin ikilisiyoyin karkara irin na ƙasar Gobir talakawa ne. Fasto manomi ne kamar kowa, yana da gonarsa, jama'a suna kawo zakka, watau kashi ɗaya cikin goma, sau da yawa da damin gero. Da turawan mishan suka ja baya, tambaya ta zama wa zai ci da fasto, wa zai gyara rufin majami'a, wa zai biya makarantar koyon littafi.

Ana cikin haka sai wata sabuwar iska ta taso daga kudu. Tun shekarun 1980 aka samu manyan masu wa'azi a Nijeriya, irin su Benson Idahosa na Birnin Benin wanda ya rasu a 1998, da David Oyedepo wanda a 1999 ya buɗe majami'a mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota kusa da Legas. Abin da aka fi saninsu da shi shi ne koyar da cewa mai bangaskiya wanda ke ba da zakka da baiko yana iya sa ran lafiya da wadata tun a nan duniya. Samari da yawa sun bi wannan hanya, saboda tana da kiɗa da waƙa da addu'ar warkarwa, tana kuma ba matalauci ƙarfin zuciya.

Tsofaffin malamansu kuwa ba su yarda ba. Suna tambaya: to, manomin da ya shuka sau uku ruwa bai zo ba, rashin bangaskiya ne ya hana shi hatsi? Waɗanda suka rasa garkensu a farin 1973 da na 1984, zunubinsu ya fi na kowa ne? A babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 2010, an fito fili an ce wannan koyarwa ta kauce wa littafinsu. Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Mu mutanen Damargu, da muka san shekarar da rumbu ke cika da shekarar da ake tonon gidan tururuwa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mu ma muna da masu sayar wa talaka alkawarin arziki da sunan addini, malamanmu na gaskiya kuwa kullum suna faɗakar da mu a kansu.

Magana ta huɗu: gafara

Yanzu mun zo ga wadda ta fi shafarmu. Ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015, bayan jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zanga-zanga ta tashi a Damagaram. Aka ƙone majami'u da gidaje da kantunan Kiristoci, da gidan al'adun Faransa. Kashegari wutar ta kama a Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Cikin kwana biyu mutum goma suka rasu. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci sai a barikin soja suka samu mafaka. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Ɓacin ran da aka yi a kan zanen yana da dalili, duk Musulmi ya ji shi. Amma ku duba wanda aka huce a kansa. Masu zanen suna Paris, jaridarsu kuwa ta sha zagin Paparoma da addinin Kirista shi kansa. Wanda aka ƙone wa ɗaki maƙwabci ne, ɗan ƙasa, wanda bai taɓa ganin jaridar ba. Kuma ba wannan ne karo na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. An taɓa majami'a a Maraɗi cikin Nuwamba 2000, an taɓa ta Katolika a Damagaram cikin Satumba 2012, an sake ƙone wata a Maraɗi cikin Yuni 2019. Dole kuma mu faɗi ɗaya gefen: a ranakun nan na 2015 akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu har ƙura ta lafa.

Bayan abin ya wuce, shugabannin ikilisiyoyi suka hana mabiyansu ramuwa, suka ce sun gafarta. A nan ne muhawara mai zafi ta taso a tsakaninsu. Waɗansu suka ce gafara ita ce zuciyar addininsu, ba ta da sharaɗi, ba a jiran sai mai laifi ya roƙa. Waɗansu suka ce gafara aikin wanda aka cuta ne, hukunci kuwa aikin hukuma ne, kuma idan aka yi shiru da sunan gafara gobe za a sake. Waɗansu kuma, musamman iyayen yara, tambayarsu ba ta malanta ba ce: mu zauna ko mu tashi? Duk wanda ya taɓa sasanta manomi da makiyayi bayan an yi ɓarna ya san waɗannan muryoyi uku, domin a ƙofar maigari ma su ake ji.

Ta wajen manyansu na duniya, tun ran 28 ga Oktoba 1965 babban taron Katolika a Roma ya fitar da takarda mai cewa suna duban Musulmi da girmamawa. Ran 4 ga Fabrairu 2019 Paparoma Faransis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a kan takardar ƴan'uwantaka a Abu Dabi. Takarda abu ne mai kyau, amma ba ta kashe gobara a unguwa. A yammacin ƙasarmu masu bindiga sun sace wani limamin Katolika, Pier Luigi Maccalli, a Bomoanga cikin Satumba 2018, bai samu kansa ba sai Oktoba 2020. Irin mutanen nan ne kuma suka kashe masallata 44 a masallacin Fambita ran Jumma'a 21 ga Maris 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, kun ji mutanen nan ba bakinsu ɗaya ba a kan kome. Suna da tsofaffi da samari, masu tsanani da masu sassauci, masu gaskiya da masu neman abin duniya, kamar kowace al'umma. Ga abubuwan da muke roƙon ƙungiya ta duba, ta tsai da shawara a kansu kafin a watse.

Na ɗaya, duk ma'aikacin da aka turo mana, a ba shi masauki da ruwa da gaisuwa ba tare da an tambayi addininsa ba. Kun sani ma'aikata ba su son zaman ƙauyukan arewa, da wuya ake samun mai tsayawa. Wanda ya ji an tsane shi zai nemi a ɗauke shi, aji ya zauna ba malami, ɗakin haihuwa ya zauna a kulle, mu ne da hasara.

Na biyu, idan mutuwa ta sami irin wannan baƙo ko ɗansa a cikinmu, kada a bar iyalinsa suna yawo da gawa. Muna roƙon maigari da liman da dattawa su yi shawara tun yanzu a san inda za a nuna musu su rufe nasu. Rigakafi ya fi magani.

Na uku ya shafe mu malaman lekol da ku iyaye. Yaro ba ya ƙirƙiro zagi, a gida yake ɗaukowa. A filin makaranta ba za mu yarda wani yaro ya kira ɗan'uwansa da sunan wulaƙanci saboda addinin ubansa ba, kamar yadda ba mu yarda a zagi ɗan Buzu ko ɗan Fulani saboda yarensa. Muna roƙonku ku taimake mu daga gida.

Na huɗu, samari, wayoyin da ke hannunku. Saƙon murya ko hoto yana iya fitowa daga wata ƙasa, ko ya zama na shekara goma da suka wuce, a turo muku shi kamar yau abin ya faru. Kafin ku tura wa wani, ku kai wa malami ko dattijo ya ji. Idan kuma kuna birni aka ce a fito, ku tambayi kanku gidan wa za a je, me mai gidan ya yi.

Na biyar, muna roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu sani, su keɓe zama ɗaya su yi mana bayanin haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba, su kuma tuna wa yara tarihin Najashi, sarkin Habasha Kirista, wanda ya ba sahabbai mafaka sa'ad da Makka ta yi musu zafi. Wannan sun fi mu saninsa nesa ba kusa ba, kuma daga bakinsu ya fi shiga.

Iyakar abin da muka tanada ke nan. Mai tambaya ko gyara, fili nasa ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da ƴan ci-raninmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.